Tambaya: Wane katako ya dace da ƙofar shiga gida da ƙofofin kabad na kicin a Kano?

Hajiya Mai Gini:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar kafintoci da masana katako. Gini ne a Kano ya kai matakin saka ƙofofi, an gama filasta, saura tayil. Abu biyu nake so in yanke kafin in ba da kuɗin aiki.

Na farko, babbar ƙofar shiga falo. Faɗinta ƙafa 3, tsawonta ƙafa 7, tana kallon gabas, kuma babu rumfa a kanta tukuna. Ta katako nake so ba ta ƙarfe ba, tunda akwai katanga da get. Kafinta ɗaya ya ce iroko, wani ya ce mahogani ya fi kyau kuma ya fi sauƙin kuɗi, na uku ya ce malaina ma ta isa idan aka yi mata feshi mai kyau.

Na biyu, kabad ɗin kicin. Ƙofofi 14 ne, takwas a ƙasa, shida a sama, sai doguwa guda ta ma'ajiyar kayan abinci. Wasu sun ce HDF, wasu marin bod, wasu kuma sun ce a yi da zallar katako a huta. Kicin ne da za a riƙa wanke ƙasansa da ruwa kullum. Wanne zan ɗauka, kuma me zan duba kada a cuce ni?

Malam Kafinta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan ɗauki ta ƙofar waje, kicin in bar wa masu aikin allo.

Kafin maganar sunan itace, akwai maganar bushewa, kuma ita ce ke kashe yawancin ƙofofin katako a Arewa. Iroko da mahoganin da kike gani a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo daga dazukan Kudu ake ɗauko mafi yawansu, ɗanyu, wani lokaci ba su daɗe da fitowa daga injin tsaga ba. Fuskar falanki takan bushe cikin kwanaki saboda iskarmu, amma cikinsa na nan jiƙe. Idan aka haɗa ƙofa da shi a haka, hunturun farko zai nuna aikin: fanel ya tsage, mahaɗa su buɗe, ƙyauren ya murɗe har saman yana taɓa firam ƙasan yana waje. Idan ƙofa ta murɗe, babu hinji ko makullin da zai dawo da ita.

Yanayin Kano ma daban yake. A hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta ya haura 70. Katako yana bin iskar nan: ya tsuke a rani, ya kumbura a damina, kuma a faɗi yake wannan motsin, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Saboda haka abin da ake nema a nan shi ne danshin cikin katako ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 10. Kashi 12 zuwa 15 da ake karɓa a Legas ya yi mana yawa. Akwai ƙaramar na'urar gwajin danshi mai allura biyu. A yanke ƙarshen falankin kamar inci 6 a soka ta a tsakiyar sabon yankan, ba a fuska ba. In babu na'ura, a yanki guntu, a auna nauyinsa a sikeli duk mako. Ranar da nauyin ya daina raguwa sati biyu a jere, ya daidaita da iskar wurin.

Busarwar kuma a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa. A ɗaga katakon ƙafa 1 daga ƙasa, a jera, a sa sanduna masu kaurin inci 1 a tsakanin kowane layi duk bayan ƙafa 2, kowace sanda daidai kan 'yar'uwarta ta ƙasa, a ɗora bulo a sama don nauyi. A shafe bakin falankin biyu da fenti mai kauri, domin ta nan ruwa ke saurin fita ya tsaga shi. Falanki mai kaurin inci 2 watanni yake buƙata. Wanda ya jingina shi a bango cikin rana don ya yi sauri, lanƙwasa da tsagewa zai samu.

Sai itacen. Iroko, wanda Bahaushe ke kira loko, shi ne zaɓina ga ƙofar da za ta ga ruwa da rana. Zuciyarsa na jure gara da ruɓa, kuma motsinsa kaɗan ne idan ya bushe. Sabon yankansa ɗorawa-ɗorawa yake, da ya sha iska sai ya rine zuwa ruwan ƙasa. Kawo, da 'yan kasuwa ke ce wa afa, ya fi shi nauyi da tauri, motsinsa ma kaɗan ne sosai, ya yi kyau a firam da dokin ƙofa. Matsalarsa tsada da wahalar aiki, dole a huda kafin a ɗaura sukuru. Mahogani yana da kyan gani kuma yana karɓar feshi, amma bai kai iroko juriyar ruwa ba, ga shi zarensa a sarƙe yake, in bai bushe sosai ba yana murɗewa. Ƙarƙashin rumfa zai yi, a fili ban ba da shawara ba. Sannan sunan "mahogani" a kasuwa ya zama gama-gari, duk jan katako ana iya laƙaba masa. Malaina kuwa ta ƙofofin cikin ɗaki ce. Tana da laushi, tana riƙe ruwa a ciki na dogon lokaci, ba ta da ƙarfin riƙe sukurun hinji na ƙofa mai nauyi. Obece da afara kada ma a kawo su kusa da ƙofar waje, abincin ƙwari ne.

Ko a irokon, jan ciki ake so. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ba shi da kariyar komai, ƙwaron da ke huda katako yana zubo da gari nan yake fara ci. Ki sa a cikin yarjejeniya cewa babu farin gefe a ƙofar.

Yadda za a haɗa ta ya kai zaɓin itacen muhimmanci. Kada a jera falankai a manne su da gam su zama allo guda mai faɗin ƙafa 3. Irin wannan tsakanin hunturu da damina tana iya motsa milimita 7 ko 8, a Agusta ta ƙi rufuwa, a Janairu ana hango waje ta gefenta. A yi mata ginshiƙai da fanel. Kauri milimita 44 zuwa 45 bayan an kankare, wato daga falankin inci 2. Ginshiƙan gefe biyu faɗin inci 4 da rabi zuwa 5, na sama haka, na tsakiya inci 8, na ƙasa inci 8 zuwa 9. A haɗa su da rami da harshe, kaurin harshen kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙofar, kusan milimita 15, da gam mai jure ruwa. Ƙusa da gam kawai ba haɗi ba ne ga ƙofar da za ta kai kilo 40 ko fiye.

Fanel ɗin kuma a sake shi. Kwarin da zai zauna a ciki zurfin milimita 12, ya shiga 8 ko 9, a bar masa sararin 3 ko 4 kowane gefe, ba gam, ba ƙusa. Fanel mai faɗin ƙafa 1 yana motsa kusan milimita 3 a shekara. In an ɗaure shi, ba shi da inda zai je sai ya tsage a tsakiya. Ƙananan fanel shida sun fi manya biyu zaman lafiya.

Injiniya A.:

Hajiya, duk abin da Malam ya faɗa kan motsin katako shi ne dalilin da ya sa ba zan ce ki yi ƙofofin kicin da zallar katako ba. Kicin ga tururi, ga zafin murhu, ga ruwa, kuma ƙofofin kabad tazararsu da juna milimita 3 ce kawai. Ƙofa ɗaya ta kumbura milimita 2, sai ta fara gugar maƙwabciyarta. Allo ya fi dacewa, sai dai a san wane allo a wane wuri.

MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka danne. Fuskarsa sumul, ba ya murɗewa, amma in ruwa ya shiga bakinsa sai ya kumbura kamar burodin da ya jiƙe, kuma ba ya komawa ko ya bushe. HDF na gaskiya irinsa ne da aka fi dannewa. Sai dai a kasuwarmu kusan duk allo mai kaurin milimita 18 da aka lulluɓe da fata mai launi ana kiransa HDF, har da wanda cikinsa ɓarɓashin katako ne manya-manya. Ki dubi bakin allon inda aka yanka: in gari ne mai laushi a dunƙule, dangin MDF ne; in kina ganin ɓarɓashi da ramuka, cibod ne, shi ne mafi rauni wajen ruwa da riƙe sukuru. Akwai mai koren ciki da ake cewa yana jure danshi. Yana jure tururi fiye da na gama-gari, amma ba ya jure zama cikin ruwa, kuma koren rini ne kawai, ana iya zuba shi a kowane allo.

Marin bod kuma suna ɗaya ne kaya biyu. Akwai baƙin nan mai santsi da 'yan dakin ke zuba kankare a kai, wanda yawancinsa an yi shi ne don a yi amfani da shi 'yan lokuta a jefar, cikinsa cike da ramuka da gutsattsari. Akwai kuma filawud na kirki da aka manne da gam mai jure tafasasshen ruwa. A bakinsa za ki ƙirga layuka 9 zuwa 13 a kaurin milimita 18, a miƙe, babu rami tsakani. Gwajinsa ba wuya: a karɓi guntu kamar tafin hannu, a tafasa shi awa biyu ko uku a tukunya. Na kirki layukansa ba sa rabuwa. A jiƙa guntun HDF ɗin ma kwana ɗaya a ruwa, a auna kaurinsa kafin da bayan. Wanda ya tashi daga 18 zuwa 21 ko 22 ya gaya miki halinsa.

Ga yadda zan raba. Jikin kabad na ƙasa duka, filawud mai jure ruwa. Ƙofofin sama shida, HDF mai kyau ya wadatar, ya ma fi filawud zama a miƙe. Ƙofofin ƙasa da ke nesa da famfo, HDF ma zai yi in an rufe baki da kyau. Biyun da ke ƙarƙashin sinki, filawud mai fata ko allon roba na PVC, tunda nan ne jiƙaƙƙen hannu da ɗigon ruwa ke sauka sau da yawa a rana. In filawud za a yi wa fata, a manna gaba da baya. Aka manna fuska ɗaya, ɗayar na shan danshi ita kaɗai, ƙofar sai ta gantsare.

Rufin baki shi ne rayuwar ƙofar. Tef ɗin baki na PVC mai kaurin milimita 1 ko 2, a duk gefe huɗu, har ƙasan da ido ba ya gani, kuma a inji za a manna. Siririn nan na 0.4 da ake shafa wa Evo-Stik da hannu yakan fara ɗagowa daga kusurwa, ruwa ya samu hanya. Ki goga yatsa a bakin: in farcenki na kama gefen tef ɗin, ko kina ganin baƙin layin gam mai kauri, aikin bai yi ba.

Lissafi, don ki iya bin kafinta. Allo ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Kabad na ƙasa mai tsawon 720 da faɗin 450, ƙofarsa 715 da 447. Allo marar zane yana fitar da irin wannan guda 8. Mai zanen katako, da dole zanen ya bi tsaye, guda 6 kawai. Saboda haka ƙofofi 14 allo biyu ne in launi ɗaya ne sumul, uku in mai zane ne, ban da doguwar. Kowace ƙofa tana cin tef kusan mita 2 da rabi, 14 kusan mita 35. A rage kaurin tef ɗin wajen yanka, in ba haka ba tazarar 3 ɗin za ta cinye. Faɗin ƙofa kada ya wuce milimita 600; tsakanin 400 da 500 ya fi, domin faɗi ne ke jan hinji ƙasa, ya fi tsawo illa.

Hinjin kofi ake sawa, wato wanda kansa ke zama cikin rami a bayan ƙofa. Ramin milimita 35, zurfi 12 zuwa 13, bakinsa 3 zuwa 5 daga gefen ƙofa, santimita 8 zuwa 10 daga sama da ƙasa. Ƙofar da ba ta wuce santimita 90 ba hinji biyu, zuwa 160 uku. Doguwar ma'ajiyar nan in ta kai mita 2 da faɗin 600 za ta kai kilo 16 ko 17, tana son huɗu zuwa biyar, ko a raba ta biyu, wanda shi na fi so. Hinjin iri uku ne bisa lanƙwasar hannunsa: miƙaƙƙe na ƙofar da ta rufe bakin allo duka, mai rabin lanƙwasa na ƙofofi biyu da suka haɗu a kan allo ɗaya, mai cikakkiyar lanƙwasa na ƙofar da ta shige ciki. Aka sayi wanda bai dace ba, babu gyaran sukurun da zai daidaita ta. Blum da Hettich sunaye ne masu kyau, sai dai akwai jabunsu, a duba nauyi da kaurin ƙarfen. Na ƙarƙashin sinki a nemi wanda ba ya tsatsa. A huda ƙaramin rami kafin sukuru, kada a buga shi da guduma. MDF in raminsa ya ɓurme ba ya sake riƙewa sai an cusa roba ko an matsar da hinjin.

Tunda ana kwarara ruwa a ƙasa, kada wani allo ya taɓa tayil. Ko dai a yi dakali na siminti mai tsawon santimita 10 a lulluɓe shi da tayil, ko a ɗora kabad kan ƙafafun roba na santimita 10 zuwa 15. Ƙasan kabad ɗin sinki a shimfiɗa falen alminiyam, a zagaye ramin bututu da silikon.

Hajiya Mai Gini:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu suka taso. Muna son tarewa nan da wata biyu, to in katakon na buƙatar watanni ya zan yi? Sannan ta yaya zan gane iroko ne aka yi min da shi bayan an riga an fesa masa launi? Kuma maigidan yana son kicin ɗin ya fito da kamannin katako na gaske, ba roba ba.

Oga Mai Feshi:

Hajiya, amsar tambayarki ta biyu ita ce kada ki bari a fesa kafin ki gani. A kawo ƙofar tsirara, ki duba, sannan a yi launi. Rini yana ɓoye farin gefe, yana ɓoye tsaga da aka cike da garin zarto da gam, yana mai da farin katako ja. In an riga an fesa, a kankare ƙasan ƙofar da wuƙa ko a dubi cikin ramin makulli: launin ciki ba ya ƙarya. Ki danna farce a wurin. Malaina da obece suna lotsawa, iroko da ƙyar. Nauyi ma shaida ne. Iroko busasshe kusan kilo 650 yake a kubik mita guda, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, obece bai kai 400 ba, mutum biyu da suka ɗaga ƙofar za su ji bambancin.

Wani abu da ba a tsaya a kai ba shi ne gabas ɗin nan. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa tun a ginin ƙasa bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Ƙofarki za ta sha feshin ruwa kai tsaye, da safe kuma rana ta doke ta tana jiƙe. Rumfa a nan wajibi ce. Tsawon fitowarta ya kai aƙalla rabin tazarar da ke tsakanin dokin ƙofa da rumfar. A gida irin naki mita 1.2 zuwa 1.5. Ba tare da rumfa ba, ko iroko ne sai an riƙa sabunta masa shafi duk shekara. Daɓen gaban ƙofa ya gangara waje, a kuma sa wa ƙasan ƙyauren ɗan katako mai karkata da kwari a ƙarƙashinsa, ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ƙasa ya shige.

Feshin selulos da ake yi wa gado da kujeru na cikin ɗaki ne. Yana bushewa da wuri, yana sheƙi, shi ya sa ake sonsa, amma busasshe ne ƙarau, rana na fasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya yi fari-fari ya fara ɓarewa. Ƙofar waje banish na waje take so, irin na jiragen ruwa, mai kariyar rana, wanda ke miƙewa tare da katako. A goge da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, a bi zaren katakon. Iroko yana da maiƙo, a share shi da tsumma da tina kafin shafin farko, in ba haka ba banish ya daɗe yana danƙo. Shafin farko a tsinka shi don ya shiga jiki, sannan uku a kai, kowanne ya kwana, a ɗan goge da 240 tsakani. Kada a yi a ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa sai a rufaffen wuri. In fenti ake so, na mai: share fage ɗaya, na tsakiya ɗaya, na sama biyu, fenti ma ya fi banish daɗewa a rana. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna tara zafi, fuskar waje ta bushe fiye da ta ciki, ƙofar ta lanƙwashe.

Fuska shida ƙofa take da su: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Sama da ƙasan nan ne ake mantawa, alhali ta nan bakin ginshiƙai ke zuƙar ruwa. A shafe su kafin a rataya, har cikin ramin makulli da wurin hinji. Gefen fanel ma a shafa masa launi kafin a haɗa, don in ya tsuke a hunturu kada farin layi ya bayyana kewaye da shi.

Maganin gara a firam ake yi, musamman bayansa da ke manne da bango da ƙafafunsa: Solignum ko makamancinsa, shafi biyu, a bari ya sha. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa kada ya zo kusa da ƙofar, fenti ba ya kama shi, kuma yana tsattsafowa ya ɓata bango.

A maganar kicin ina da ɗan saɓani da Injiniya. Zallar allon katako ne matsala, ba katako gaba ɗaya ba. Tunda Alhaji na son kamannin itace, a yi ƙofofin da siririn firam na busasshen mahogani ko tik, kauri milimita 20 zuwa 22, faɗi santimita 6 zuwa 7, tsakiya a sa filawud na milimita 6 ko 9 mai fatar itacen. Firam mai faɗin santimita 6 motsinsa bai kai a damu ba, filawud kuma ba ya motsi. A fesa masa fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin tauri, gaba da baya daidai wa daida. Shi ke jure maiƙo da sabulu. Ya fi HDF tsada, amma in ya kwarzane ana gogewa a sake fesawa, abin da ba a yi wa allo mai fata.

Injiniya A.:

Na yarda da Oga, da sharaɗin firam ɗin ya bushe kamar yadda Malam ya bayyana, kuma biyun ƙarƙashin sinki a sa musu ido. A kula, ramin hinji na milimita 35 yana buƙatar firam da bai gaza santimita 6 ba, kada a siranta shi don ado.

Wajen murhu kuma, kowane irin ƙofa aka zaɓa: gam ɗin tef da fatar roba suna sakewa da zafi, don haka a bar tazara ko a sa siririn ƙarfe tsakanin oben da ƙofar da ke gefensa. Duk abin da ke saman murhun gas ya yi nisan santimita 75. Tukunyar gas ta fi kyau a waje, a jawo bututu. In dole sai a cikin kabad, a buɗe mata iska ta ƙasan ƙofa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa in ya zuba.

Malam Kafinta:

Kan wata biyun, Hajiya, hanya biyu ce. Ko a nemi wanda ke da tsohon ajiya, katakon da ya riga ya ci rani guda a rumfa, a gwada shi da na'ura a gabanki, a biya ƙarin kuɗin. Ko kuma a sayi katakon yanzu a jera shi, a kafa firam na busasshen kawo ko iroko, a rataya ƙofar wucin gadi ta filawud ku tare, ta gaskiyar ta biyo baya. Ko busasshen ne, bayan an tsaga shi zuwa ginshiƙai a bar shi sati ɗaya ko biyu kafin kankarewar ƙarshe; wanda zai lanƙwashe a nan zai nuna kansa, a cire shi. Ginshiƙan gefe a zaɓa musu falanki mai miƙaƙƙen zare, marar ƙulli. In aka kawo madobiya a ce ta fi, itace ne mai kyau da ƙarfi, amma an sare ta sosai don fitarwa zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. Samun falankinta mai faɗi da tsawon ƙafa 7 marar farin gefe yana da wuya, kada a dogara da ita.

Firam ya zama na inci 2 da 6 ko inci 3 da 5, da ƙarafan riƙo uku kowane gefe a cikin bango. A duba shi da lebur, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, awon ya zo ɗaya. A bar masa katakon tokare a tsakiya har simintin ya kama, in ba haka ba ya tura shi ciki. Kada a rataya ƙyauren sai an gama tayil da fenti, ginin ya sha iska, domin sabon filasta ruwa yake fitarwa.

Tazara tsakanin ƙyaure da firam ta danganta da watan da aka rataya. A hunturu katakon na tsuke, a bar milimita 4 zuwa 5 a gefe. A tsakiyar damina yana kumbure, 2 zuwa 3 ta isa. Ƙasa milimita 6 zuwa 10 daga tayil. In damina ta zo ƙofar ta ɗan cije, kada a yi gaggawar kankare ta da yawa, a rage wurin da ke gugar kawai, a sake shafe inda aka kankare a ranar.

Hinji uku na inci 4 masu boris, na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa: na sama santimita 15 daga sama, na ƙasa 23 daga ƙasa, na uku a tsakiya. In ƙofar ta haura kilo 50 a sa huɗu, biyu kusa da juna a sama, domin na saman ne ke ɗaukar ja. A fafe wa kowanne gurbinsa ya zauna daidai da fuskar katako, a cika dukkan ramukan da sukuru na inci 1 da rabi. Makulli kusan mita 1 daga ƙasa, amma a kauce wa daidai inda harshen ginshiƙin tsakiya ya shiga. Aka fafe ramin makulli a nan, an yanke haɗin da ke riƙe ƙofar. Tun wajen zane a ɗaga ko a sauke ginshiƙin tsakiyar, a kuma sayi makullin kafin a fara aiki don a auna da shi.

Kuɗin aiki a raba shi uku: na katako, sai bayan kin ga ƙofar a haɗe ba launi, sauran bayan an rataya ta tana rufuwa da turin yatsa biyu.